Hamzar Goggo Asma'u

Mairama 'yar makaniki ce, kuma ta gaji ubanta a abu guda: ba ta yarda cewa na'ura tana lalacewa haka kawai. Babanta Salih ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motoci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ita kuwa ta yi karatun kwamfuta, ta dawo gidansu a Umbadda, wata unguwa a Umdurman ta ƙasar Sudan, tana gina wa mutane shafukan intanet. Dangi ba su taɓa gane aikin ba. A wurinsu mai gyaran waya ce, shi ke nan.

Kakanta Malam Ladan daga Haɗeja ya taso da niyyar Makka, ya yada zango a Umdurman, zangon da ya zama na har abada. Irinsa suna da yawa, shi ya sa Mairama ta gina shafin neman dangi: ka rubuta sunanka da boko don mutanen Najeriya su iya karantawa, ka ɗora hoton kakanka, ko Allah zai sa wani ya gane fuskar.

Ba wanda ya ƙwallafa rai kamar Goggo Asma'u, yayar babanta. Ta haura saba'in, ba ta taɓa jin muryar dangin ubanta ko ɗaya ba, kuma abin yana cin ta. Sai ga shi hoton kowa yana hawa, nata ya ƙi.

Ranar nan da hantsi ta sauko daga raksha, babur mai ƙafa uku, da hoton ubanta a cikin leda.

"Ya bitti, 'yata, injinki yana tsintar mutane. Hamid mai shayi ma an karɓe shi, ni ce bare?"

Mairama ta zauna ta bi abin daki-daki, yadda babanta yake bin wayar mota. Ta duba nauyin hoton, bai kai megabait biyun da ta ƙayyade ba. Ta duba ko saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta hana rubutu a ma'ajin hotuna; a buɗe yake. Ta gwada ɗora hoton da sunanta, ya hau sumul. Ta goge, ta sa sunan Goggo, shafi ya yi fari fat. Nan fa gumi ya karyo mata, don ta riga ta cika baki cewa aikin minti biyar ne.

Ta buɗe jerin waɗanda suka yi ƙorafi tana karantawa a fili: Wafa'a, Zainul'abidin, Sa'adatu.

Goggo, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta ajiye finjalin jabana, gahawar da take sha.

"Ai duk masu shaƙuwa a suna ne. Asma-u, Wafa-a. Hamza ce ba ya so."

Mairama ta fashe da dariya. Gaskiyar tsohuwa ce. Rubutun PHP ɗin da ta yi yana cusa sunan mutum kai tsaye cikin umarnin adana bayanai, kuma 'yar alamar nan ta sama da boko yake sa wa hamza, a wurin saba tana nufin magana ta ƙare. Da ya kai Asma sai ya tsaya, ragowar ta rikita shi.

"Sauƙi ne, Goggo. Mu cire alamar, mu rubuta Asmau."

"Wace ce Asmau? Ban san ta ba. Sunan uwarsa babana ya sa mini, da shi za su gane ni. Ki gyara injinki, halas."

Kunya ta kama Mairama, don ta san gyaran ragwaye ta kawo. Ta sake rubuta wurin yadda suna zai shiga daban, umarni daban, ta sa kowane hoto ya samu lambarsa. Kafin azahar Malam Ladan ya bayyana a allo da rawaninsa.

Bayan mako uku saƙon murya ya shigo daga Haɗeja. Wani dattijo ne. Ya ce mutumin da ke hoton ƙanen babansa ne, shekara da shekaru suna yi masa addu'ar wanda ya rasu a hanya, kuma a gidansu ma akwai masu sunan Asma'u har huɗu.

Goggo ta saurara sau uku tana kuka, Mairama ma ba ta iya riƙe nata ba. Sannan tsohuwa ta share fuska da gefen mayafi.

"Danna mini wurin magana," in ji ta. "Ki matsa, gaisuwar tana da tsawo."