Jar Motar da Ban Shiga Ba

Me ya hana ni shiga motar nan? Haƙorana sun zube, idona ya yi hazo, amma in na zauna ni kaɗai tambayar nan ce ke zuwa ta zauna kusa da ni. Wata rana in ce kunya ce, wata rana in ce tsoron bakin mutane ne. Babu amsar da ta taɓa isata. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa ko da kuka ya katse ni.

Maigidana direba ne. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle, shi kuma yana aiki a Isa wurin wani alhaji mai fatauci zuwa Maraɗi. Alhajin nan Allah ya ɗora masa son motoci masu gudu. Ban da manyan motocin kaya, yana da ƙanana biyu da ba a ɗaukar komai a cikinsu sai mutum: baƙa da ja. Ba ya yarda kowa ya taɓa su sai maigidana.

Duk Juma'a yake zuwa gida. Da ya ci tuwo ya wanke hannu, sai ya jawo faifaina ya riƙe shi da hannu biyu kamar sitiyari.

"Hajiya, matso ki ji."

Ban taɓa zuwa Makka ba. Tsokana ce, wai sai hajiyoyi ke zama gaban irin motocin. Ni kuma in ce, "To, mai motar aro, yau wace ce ta ɓata maka rai?"

Baƙar, in ji shi, mai nauyi ce, mai shiru. Tana haɗiye gargada da ramuka ba ta gaya maka. Kana ciki kamar kana zaune a ɗaki, sai ka duba allurar da ke nuna gudu ka ga ashe tashi kake yi. Ya ce yana girmama ta amma bai yarda da ita ba, don tana sa mutum barci, kuma motar da ke ɓoye maka hanya wata rana za ta ɓoye maka abin da ya kamata ka sani. Jar kuwa cikinta kusa da ƙasa yake, yashi kaɗan ya ishe ta ta kafe. Amma a kan kwalta! Nan sai ya gyara zama, ya karkata faifan. Ya ce in ka taka totur sai ka ji an danna bayanka cikin kujera, kukanta na hawa yana hawa har ka ji shi a haƙoranka. A kwana tana manne wa ƙasa kamar tsaka a bango. Ko tsakuwa guda ta taka, sai tafin hannunka ya sani.

Na ce, "Wahala ke nan. Ni baƙar za ni zaɓa."

"Ke ba ki gane ba. Taɓaryar da innarki ta ba ki, don mi ba ki son ta maƙwabta?"

"Don da tawa ina jin lokacin da gero ya saki."

"To ita ke nan. Jar nan taɓaryarki ce."

Shekaru muna wannan gardama, ni da ban taɓa leƙa ko ɗaya ba. Kullum yana ƙarewa da cewa wata rana zai ɗauke ni in ji da jikina, sannan mu ga wa ke da gaskiya.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Gulbi ya zama yashi, rijiyoyi sai an ƙara igiya a kan igiya. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya. Muka ci dusa, muka ci tafasa, muka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Na ga matan da a da ke da rumbu uku suna tonon gidan tururuwa.

A shekara ta biyu, wata Talata da hantsi, ina tsugune ina canza wa anza ruwa, sai ga shi ya shigo da mabuɗi a hannu, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce alhaji ya sayar da motocin biyu zai sayo hatsi daga kudu. Baƙar ta riga ta tafi. Jar ce zai kai wa mai saye a Sakkwato a ranar, ya ratso da ita, ya bar ta can bakin hanya inda ƙasa ke da tauri, ya tako da ƙafa.

"Ɗauko mayafinki. Mu hau kwalta kaɗan in maido ki. Yau ce kawai, Hajiya."

A jiyan ranar aka binne ɗiyar maƙwabciyarmu, 'yar shekara uku. Ta katanga ina jin matan da ke zaman makoki. Kafin in kai bakin hanya sai na wuce ta ƙofar gidan, in dawo kuma ta nan, ina ƙamshin kujerar masu kuɗi.

Na ce, "Ba ni zuwa."

"Ba wanda zai ce komi. Motar ba tamu ba ce, kowa ya sani."

"Malam, mutane na binne 'ya'yansu, ni in tafi shan iska? Da wane ido za ni dube su?"

Bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana juya mabuɗin a yatsa, yana duban tukunyar anza. Ya ce, "Gaskiyarki." Ya fita. Na kasa kunne in ji kukan nan da ya sha ba ni labari, ban ji komai ba. Daga baya ya gaya mini cewa a hankali ya ja ta har ya yi nisa da gari, don kada masu makoki su ji.

Aikinsa ya ƙare da tafiyar motocin. Ya dawo gona bayan ya yi shekaru bai taɓa fartanya ba. Sau uku muka yi shuka a daminar nan, sau uku ta mutu. Bai sake taɓa faifaina ba. Ranar Juma'a nakan ajiye shi kusa da shi da gangan, in ce, "Mai motar aro, ba labari?" Sai ya yi murmushi ya ce ai yanzu ko ta aron babu. Abincinsa yakan tura wa yara ya ce ya ƙoshi. Tari ya kama shi, jikin da ba komai a cikinsa bai iya riƙe shi ba.

Tun bayansa na shiga motoci. Na shiga bas ɗin Isa zuwa Sakkwato, an matse ni tsakanin buhu da akuya. Nakan dafa kujerar gabana ko zan ji abin da yake faɗi, ba na jin komai sai ciwon baya. Maƙwabciyar da na ji wa kunya ta rasu tuntuni, kuma ban sani ba ko da na wuce za ta ma ɗaga kai ta gan ni. Har yau in aka ce in sake zaɓa, ban san abin da za ni yi ba. Wannan ne ke cina.

Ranar da zai cika, bayan la'asar, ina yi masa fifita da faifan nan. Ya miƙo hannu ya kama gefensa, ni ina riƙe da ɗaya gefen. Na ce ya yafe mini ranar nan. Ya girgiza kai, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ba laifinki, Hajiya. Abu guda ne ban gaya miki ba. Tun daga Isa na matso miki da kujerar gaba, don na san ƙafafunki gajeru ne."