Hannun Hagun Kawu

A zamanin Turawa, ni kaɗai ne daga unguwarmu a Bodinga aka ɗauka makarantar horon malaman asibiti da ke birni. Ana koya mana wanke rauni da ɗaure shi, da yin allura, da haɗa magani, da tsabtar rijiya. Akwai ɗakin kwana mai gadajen ƙarfe, da famfo, da ɗakin gwaji inda muke leƙa jini ta madubi. A kusurwar wannan ɗaki kuwa akwai ƙwarangwal, mutum cikakke daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa, an harhaɗa shi da waya an rataye a jikin ƙarfe. Da shi ake koya mana ƙasusuwa.

Da aka ba mu hutun farko na je Shagari gaida kakata ta wajen uwa. Tsohuwar nan ba ta yarda da komai na Bature ba, ko gishiri ne, kuma tana da dalili. Lokacin yaƙi aka yi diban gwamna, aka kwashi maza zuwa haƙar kuza, har da ɗanta namiji tilo, kawuna. Wasu sun dawo, shi shiru. Wani ya ce sanyi ya kashe shi, wani ya ce gudu ya yi, amma babu wanda ya ce ya ga kabarinsa.

Ban gama zama ba ta fara titsiye ni. Wa ke yanka naman da muke ci? Ruwan famfon daga ina yake fitowa, wa ya ga rijiyarsa? Jinin da muke leƙawa, ina ake kai ragowarsa? Ina ta dariya ina cewa, "Haba uwargida, ko alƙali ai ya bar ni in sha ruwa."

Ba ta yi dariya ba. Ashe wani ɗan ajinmu mutumin Sifawa ya riga ya baza labarin, fataken albasa sun kawo mata har gida.

"Maigida, an ce akwai mutum rataye a makarantarku. Ɗan wa na?"

Na ce malaminmu ya ce cikin akwati aka kawo shi daga ƙetaren teku.

"Kai ma ka yarda? Wa ka aika gawar ɗan'uwanai bisa ruwa? Kusa sunka samo shi."

Sai ta kama hannuna na hagu, ta danna tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Ta ce nan jaki ya taɓa harbin kawu yana yaro, maɗori ya ɗora, wurin ya warke da ƙullutu. "In ka koma ka duba min."

Wallahi na bar Shagari ina jin haushinta. Amma magana ta riga ta shiga. Na koma makaranta, abin da na saba ratsawa ta gabansa ina fito ya zama ba na iya haɗa ido da ramukan idonsa. Tsawonsa kamar na kawu. Ko ba kamar nasa ba? Ni ina ƙarami aka tafi da shi, kowane babba dogo ne a wurina. Kuma me ya sa ake kulle ɗakin nan, alhali ɗakin kwananmu ko sakata ba shi da ita? Me ya sa idan Baturen likita ya zo darasi shi kaɗai ke taɓa shi? Har akwatin da ake faɗa na nema a sito, ban ga ko murfinsa ba.

Na tambayi malaminmu, Bahaushe ne mai sallah, ko shi ya ga saukar akwatin da idonsa. Ya dube ni ya ce shi ma a rataye ya tarar da shi, kuma in kama karatuna. Wannan amsa ba ta kwantar min da rai ba, ƙara min zargi ta yi.

Ranar da sharar ɗakin gwaji ta faɗo kaina, da hantsi, na ajiye tsintsiya na yi bismillah na ɗaga hannun hagun ƙwarangwal ɗin. An koya mana cewa karaya ko ta warke tana barin shaida a ƙashi. Na bi da yatsa daga gwiwa har wuyan hannu, na juya, na sake bi. Sumul. Na duba na dama ma, ko tsohuwa ta rikice. Shi ma sumul. Na yi hamdala har da ƙwalla.

Hutu na zagayowa ban kwana biyu a Bodinga ba na wuce Shagari, ina ganin albishir na ɗauko. Tun daga zaure nake cewa, "Uwargida, kawo goro! Ba shi ba ne."

Tana kaɗa zare da mazari. Ta ajiye.

"Ka duba da kyau?"

"Da hannuna na shafa."

Sai hawaye suka zubo mata. Na rasa inda zan sa kaina. Can ta ce, "Da shi na, da na samu wanda zan rufe."

Ta shiga ɗaki ta fito da farin saƙi a naɗe. Ashe tun tafiyata take kaɗi, ta kai wa masaƙi, likkafani ta tanada. Ta ɗora min a cinya.

"Tahi da shi. Wanga da kunka rataye, shi ma wata ta haihe shi, kuma tana can tana tambaya."

Binne shi ba a hannuna yake ba. Abin da na iya shi ne, kullum aka tashi darasi in tsaya baya in lulluɓe shi daga kai har ƙafa. Malaminmu ya gani tun ranar farko, bai tambaye ni ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da na warke na tarar da shi a lulluɓe.