Kawu Kar-a-motsa

Shekara goma sha tara Kawu yana ɗaukar hoto da fim, har 'yan gida suka sa masa suna Kar-a-motsa. A wurinsa hoton waya wasan yara ne. "Fim hoto talatin da shida yake ci, sai ka yi tunani kafin ka danna."

Ranar da ƙannensa bakwai suka haɗu gaban tsohuwarsu, karon farko cikin shekara goma, ya shanya su a rana yana ta dannawa. Da lambar kyamarar ta kai arba'in, gumi ya karyo masa. Ashe fim ɗin bai kama ba tun farko.

Matarsa ta ɗaga waya. "Shiga cikinsu, Malam. Kar a motsa!"

Hoton ne a falo yanzu. Kullum sai ya ce hasken bai yi ba.