Sakin kasuwar Sassumbrum

Tsoho muke ce masa a Magariya, don sunansa bai zauna a bakin kowa ba. Bafaranshe ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, kullum da malafa a kansa. Wani furoje, wato shirin agaji na lafiyar yara, shi ne ya kawo shi ya yi wata biyu yana gyara wa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo aiki. Ni malamar lekol ce, wato makarantar boko, ina da Faransanci, sai aka ce in zama tafintarsa, ga shi kuma ina cikin ƴan wasa. Maigidana tela ne a bakin tasha, shi ne mai ba da dariya a ƙungiyar. A lokacin shekararmu shida da aure, da ɗiya guda.

Ranar farko Tsoho ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya nuna mana kansa. Kai! Wani saurayi ne mai gashi baƙi wuluk, a wani sinima an harbe shi a kan gada, a wani ya yi sarki, a wani kuma ya yi mahaukaci yana cin takarda. Ya ce tun ba a haife mu ba yake hawa dandali, da ƙafafunsa suka gaji sai ya koma gefe yana tsara wa wasu. Ni dai na so mutumin, ba zan ɓoye ba. Yana iya zama a kan benci ya zama tsohuwa mai ciwon baya a gabanka ba tare da ya sake ko hula ba.

Wasan da ya shirya mana labarin wata mata ne da ta kai ɗanta mai tamowa likita ba da izinin mijinta ba, da ta dawo mijin ya kore ta. Da ya ji cewa ni da tela mata da miji ne, sai ya tafa hannu don murna, ya ce mu biyu za mu yi. A takardar da ya rubuto, mijin yana furta saki. Na ajiye takardar na ce masa a'a, mu nan wannan kalmar ba a wasa da ita, in miji ya faɗa wa matarsa ta gaske, akwai malaman da za su ce ta faɗa ko da a wasa ne. Ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce shi ya yi damina guda yana shaƙe matarsa a kan dandali kullum, in an tashi su tafi gida su ci abinci tare. Na ce wannan can ne. Ya ga ban yi dariya ba, sai ya yarda: mijin ba zai ce komai ba, zai nuna ƙofa da hannu kawai.

Amma nunin ƙofar bai taɓa gamsar da shi ba. Duk ranar gwaji sai ya tsayar da maigidana ya ce fushinsa na aro ne, mutane za su yi dariya a inda ya kamata su yi shiru. Kada ka yi kamar kana fushi, in ji shi, ka tono fushin da kake da shi, ka tuna abin da matar nan ta taɓa yi maka da bai bar ranka ba. Kuma wa ke juya masa wannan magana zuwa Hausa? Ni. Da bakina na riƙa cewa mijina ya tono abin da na yi masa, ina faɗa ina murmushi, wai ni mai aikin fasaha.

Ni kuma ina da baki, kowa ya sani, kuma ban iya riƙe shi ba. Ranar da za mu yi wasan a kasuwar Sassumbrum, muna cikin motar furoje da hantsi, maigidana ya yi ƙarfin hali ya tambayi Tsoho wani abu da Faransancinsa na wanda ya bar lekol tun a aji biyar. Ya harhaɗa kalmomin yadda suka zo masa. Kafin Tsoho ya amsa sai na ce, “Don Allah maigida ka bar wa masu shi, kai dai tsaya wa kekenka.” Mota duk ta kwashe da dariya, har direba. Shi bai yi ba. Ya juya yana kallon gonakin gyaɗa ta taga har muka isa, ni kuwa ko a jikina.

Bayan azahar aka share mana fili kusa da masu dabbobi. Mutane sun cika, mata da goyo, makiyaya da sandunansu, wasu a kan amalanke. Tsoho ya kafa kamararsa. Wasa ya tafi daidai har wurin da na dawo daga likita da ɗan tsumma, jaririn wasan, a bayana. Maigidana ya miƙe daga tabarma, na ga idonsa ya kaɗa yadda ban taɓa gani a gwaji ba. Bai nuna ƙofa ba. Ya dube ni ya ce da ƙarfi, “Je ki, na sake ki, saki uku!”

Waɗanda ba su san mu ba suka fara salati don tausayin matar wasa, ƴan ƙungiyarmu kuwa suka daskare. Ni na ƙarasa wasan, wallahi ban san yadda na yi ba. Da aka gama Tsoho ya taho da sauri ya rungume maigidana yana cewa wannan shi ne, wannan shi ne abin da yake nema wata biyu. Yana jira in fassara. Ban fassara ba.

Baffana, yayan babana, ya kawo awaki kasuwar ran nan, yana tsaye a sahun gaba. Bai tsaya wata gardama ba. Ya ce, “Ke, ɗauko gyalenki.” A bayan kabu-kabu na isa gidanmu a Mallawa kafin la'asar ta yi sanyi, washegari aka kawo mini ɗiyata.

Na yi fushi irin wanda ban san ina da shi ba. Na ce wa Baba wasa ne, takarda ce aka rubuta, wane irin aure ne zai mutu a bakin masu awaki? Baba ya ce shi ba malami ba ne, amma ba zai mayar da ni ɗakin da bai tabbatar halal ba ne. Tsoho ya zo har zaure kwana uku bayan haka, ya cire malafarsa, ya ce laifinsa ne, zai yanke wurin daga sinimar kamar ba a taɓa yi ba. Ni na fassara daga bayan labule. Baba ya ce in gaya masa ya gode, amma kasuwa guda ta ji, kuma ba don kasuwar yake tsoro ba.

Aka kai maganar gaban wani dattijon malami a Magariya, mutum mai sauƙin kai da kowa ya yarda da shi. Aka tara Baba, da Baffa, da maigidana, ni ina gefe. Malam ya saurari komai, ya ce shi a fahimtarsa wanda ke maimaita maganar wani mutum a cikin labari ba matarsa yake saki ba. Na yi hamdala a zuci. Sai ya juya ga maigidana ya ce abu ɗaya ya rage, tunda kalmar ba ta cikin abin da aka shirya. “Tsakaninka da Allah, da ka faɗa, da wa kake? Da matar wasa, ko da wannan da ke zaune?”

Kalma biyu kawai ake nema. In ya ce matar wasa, sai in kwashe kayana in koma ɗakina a ranar. Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuci. Mutumin nan bai iya ƙarya ba, ko a kan ranar gama ɗinki ba ya yi, abin da ya sa na aure shi ke nan. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Allah gafarta malam, ban sani ba. An ce in tuna abin da ta yi mini, na kuwa tuna.”

Malam ya ce ya je ya yi tunani ya dawo, ba gaggawa. Ya je. Sau biyu yana dawowa, amsar ba ta sake ba, ya ce yana tsoron ya rantse a kan abin da zuciyarsa ba ta tabbatar ba. Na zage shi a raina, na zagi Tsoho, na zagi furoje da wanda ya kawo shi. Kaina ne na daɗe ban zaga ba. Idda ta cika ina Mallawa, daga baya na nemi a mayar da ni wata lekol a Dungas.

Bara wata tsohuwar ƴar ƙungiyarmu ta turo mini a waya cewa Tsoho ya rasu. A bidiyon da ta turo an haɗa guntayen aikinsa na tsawon rayuwa, ga shi a kan gada, ga shi da rawanin sarki. Can wajen ƙarshe sai ga filin Sassumbrum, ga awaki, ga ni da ɗan tsumma a baya. Ashe bai yanke ba. Ban ji haushinsa yadda na zata ba, ya ga abu mai kyau ne ya kasa zubarwa.

Ɗiyata, wadda yanzu ta fi ni tsawo, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, “Inna, ashe Baba ya iya wasa haka?” Na mayar da wurin baya na sake kallon idonsa, na sake, na sake. Na ce mata ni ma abin da nake so in sani ke nan.