Amsar da Na Ba Baffa a Bayan Rumbu

Ranar kasuwa na ji karen mota ya buga jikin motar Kano yana ihu, "Oraiti, gohe!" Wallahi sai da ƙwaryar hannuna ta faɗi. Jikokina suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta tsorata da Turancin tasha. Ku ƙyale su. Ni na san maganar nan tun ba a haifi uban direban ba.

Lokacin Nasara ba su shigo Damagaram ba, ina 'yar shekara takwas ko tara, Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo Matameye daga fataucin goro. Su biyu suka bar garin nan da amininsa, har Ikko bakin ruwan gishiri, suka yi dako a jiragen Turawa. Shi kaɗai ya dawo, ba goro, ba jaki, sai sanda da wasu baƙin kalmomi.

Idan yana cikin nishaɗi yakan tara mu gindin tsamiya ya koya mana. "Caf" abinci ne, amma ba ka faɗa wa wanda ya girme ka. "Dashi" tukwici. "Sabi" kuwa ga mai ji da kansa ake jefa ta, ana yi ana taɓe baki. Ya ce Bature ma ba ya yin irinta gaban manyansa, maganar 'yan dako ce. Kaka ta tsane ta ƙwarai. "Ka daina zuba wa yara yaren mutanen ruwa a baki," in ji ta.

Akwai guda ɗaya da ba ta wasa ba. Ayarinsu sun ɗauko ta a bakin teku suka mai da ita doka: kafin a tashi daga zango na gaba zai kira, "Oraiti?" na ƙarshe ya amsa, "Gohe," wato kowa ya cika, a tafi. In bai amsa ba, ba mai ɗaga kaya. A hanyar dawowa Baffa ne na gaba, amininsa ne na ƙarshe. Da suka ƙetare wani kogi Baffa ya kira sau uku, shiru. Madugu ya ce a tafi, aka tafi.

To, kullum rana tsaka, sa'ad da gari ya yi tsit, kaji ma sun lafe a inuwa, sai Baffa ya tsaya ƙofar gida ya fuskanci kudu ya kira, "Oraiti?" ya karkata kunne. Kaka ta ja mana kunne: "Muddin ba a amsa ba Baffanku yana nan tare da mu. Kada wanda ya kuskura."

Ni tausayi ya ci ni. Mutumin da ke ɓoye mini ƙuli-ƙuli a aljihu, kullum a bar shi da shiru? Wata rana da bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, na laɓe bayan rumbu. Da ya kira, na ce da 'yar siririyar muryata, "Gohe."

Baffa ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, ashe ka iso," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, ko waiwaye babu. Maza suka bi sawunsa har bayan ƙauyen Dawce, rairayi ya cinye shi. Ba mu ƙara ganinsa ba.

Shekaru na haɗiye abin yana cin raina. Sai da na yi haihuwar fari, Kaka tana gasa mini jiki, na fashe da kuka na ce ni ce na amsa. Ta tsaya da ganyen wanka a hannu tana dubana.

"Ke? Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji da kunnena. Muryar namiji ce, 'yar nan. Kuma na san ta, ta aminin nan nasa ce, yaron a gabana ya girma."

Yanzu samari suna ƙetara iyaka su kwaso irin maganganun nan, suna watsa su kamar ɓawon gyaɗa, ba ruwansu da wanda ke saurare. Ba na hana su. Ni dai na san na buɗe baki ran nan, amma har yau ban san wanda ya ari bakina ba.