Yatsun Inna da Na'ura Ta Ƙi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ko a gida ba ni da baki. Amma saƙo ya shigo wayar yayana, wai mun gamsu da rajistar da muka yi ta intanet? A danna tauraro ɗaya zuwa biyar. Na duba sama da ƙasa, ban ga inda za a ambaci matar da ta yi aikin ba.

A ofishin rajista, Anti Mai Yatsu kowa yake ce mata. Shekara goma sha biyu tana teburin ƙarshe, jikin taga. Da safe takan goge gilashin na'urar ɗaukar yatsa, ta ajiye kwalbar man shafawa a gefe. Abin da ya ɗaure min kai, ba takarda take fara dubawa ba, tafin hannu take juyawa. Muna layi ta juya na wani tsoho.

"Baba, magini ne kai?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Siminti. Ya cinye zanen tas."

Mai gadi ya ce bai taɓa jin ta sallami tsoho da "babu sabis" ba.

Innarmu wankau take yi. Yanar ido ta rufe mata gani, asibiti kuma ba sa ba da ranar aikin ido sai da katin ɗan ƙasa. Yayana ya cike komai a waya, saura yatsa. Anti ta shafa wa yatsun Inna mai, ta gwada duka goman, na'ura sai ja take nunawa.

Inna ta ce, "'Yar nan, ko na'urar taku ba ta son talaka ne?"

"Sabulu ne ba ta so, Inna. Kwana goma kada ki taɓa ruwan wanki."

"To kayan mutane wa zai wanke?"

Anti ta leƙo ni ta saman tabarau. "Wannan mai ɓuya a bayanki, hannunta na ado ne?"

Ni na yi wankin. Da muka koma, babban yatsan hagu ya kawo kore.

Ƙarshen watan nan Anti za ta yi ritaya. Anti, ke ce idon na'ura inda ta makance. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Wanda zai gaji kujerarki, don Allah ya riƙa duba hannun mutane.

Ran Litinin katin ya fito. Washegari da sassafe na ja hannun Inna zuwa asibiti. Mu ne na huɗu a layi, aka rubuta mata ranar aiki.