Silifas ɗin alhazai ya kai ni Fujiyan

Shisha zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidana a Shisha, unguwarmu a Makka. Tun rasuwar matata ba mai raka ni ƙofa, 'yata Hafsa kuwa tana barci a wajen ƙanwata. Direban tasi Bahaushe ne ɗan Hindawiyya, unguwar Hausawa a nan Makka. Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu, silifas ɗin alhazai ne zai kai ka har Sin?" Na ce can ake yin sa, me zan yi. Awa ɗaya muka kai filin jirgi. Daga nan awa tara a sama zuwa Guwanju.

Kwanju, lardin Fujiyan

Jirgin ƙasa daga Guwanju zuwa Kwanju ya ci awa huɗu da rabi. Kwana biyu ina kan shinkafa da ƙwai don tsoron naman alade. Kaɗaici ya ishe ni.

Da tafinta ta gaya wa mai masana'antar silifas ɗin cewa daga Makka nake, sai ya ajiye silifas ya kira mahaifinsa, tsoho tukuf. Ashe garin nan shi ne Zaitun na da, tashar da jiragen Larabawa da Farisa ke lodin alharini. Wasu fataken suka yi aure suka zauna. Tsohon ya ce daga cikinsu ya fito.

Ya kai ni masallacinsu na dutse, ba rufi, ciyawa ta cinye sahu. Sannan ya nuna mini wani dutsen kabari mai rubutun Larabci. Ta bakin tafinta ya ce, "Malam, karanta mini. Babu mai iyawa a gidanmu."

Na karanta masa Fatiha da sunan mamacin. Tsohon ba ya salla, yana ma cin alade. Amma ya ce ranar da suke ajiye wa kakanni abinci, sai sun wanke tukwane tas, alade ba ya shiga. Abin da ya rage musu ke nan. Sai na tuna ni ma mahaifina farke ne daga Gaya, ya zo hajji ya zauna, ga Hafsa ba ta jin Hausa.

Komawa Makka

Ranar Alhamis da la'asar na iso Shisha lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon nan da ya ba ni aikin da ban je nema ba. Hafsa ta rugo tana "Hamdilla alas-salama, Baba!" Na zaunar da ita, na tambaye ta da Larabci ina ne garin kakanta.

Ta yi tunani, ta ce, "Hindawiyya?"